Maganin Junie a Cikin Kular Kifi

Kular da nake ɗauko maganin Junie a ciki ta kifi ce. Ubana ya bar min ita, shuɗiya mai farin murfi, kuma duk wankin da matata Marva ta yi mata da sabulu da tafasasshen ruwa, ƙarnin bai gama fita ba. In na shigo da ita gida, Junie takan toshe hanci ta ce, "Baba ya kamo kifi." Ni kuma in ce, "Ƙato guda, ga shi nan a kwalba." Kullum wasan ke nan, kullum kuma sai ta yi dariya kamar yau ta fara jin sa.

Junie ita kaɗai Allah ya ba mu, shekararta takwas. Farfaɗiya take fama da ita tun tana jaririya, irin wadda ba ta jin magani da sauƙi. Ba ta iya haɗiye ƙwaya. Ta wata 'yar roba da likitoci suka saka mata a ciki muke ba ta magani da yawancin abincinta. Abin da ya kawo mana sauƙi shi ne wani tsarin abinci da likitanta ya ɗora ta a kai, mai maiƙo, wanda ko ɗigon sukari ba a yarda ya shiga ba. Maganin ruwa na kamfani kuwa cike yake da sukari, don yara su sha da daɗin baki. Sau ɗaya muka gwada shi, sai a gadon asibiti muka tsinci yarinyar. Saboda haka nata sai an haɗa da hannu, a auna garin maganin, a dama shi a ruwan da babu zaƙi. Sati biyu yake yi a firij, in ya wuce haka sai zubarwa.

Shekara da shekaru tsoho Arlo Wendt ne ke haɗa mana, a kantin maganinsa da ke bakin babban titin garinmu Kessler. Da ɓarin jikinsa ya shanye, 'ya'yansa suka sayar da kantin ga wani babban kamfani, irin masu sayar da abin da ya zo a kwali kawai. A duk gabashin jiharmu ba a sake samun mai haɗawa ba. Wadda ta fi kusa ita ce Corinne Aune, a tsallaken iyaka cikin jihar makwabta, rabin wuni zuwa, rabin wuni dawowa.

Da farko ba mu sha wahala ba, don ta gidan waya Corinne ke aiko mana. Sai wani kamfanin haɗa magani can nesa ya rarraba gurɓataccen magani a jihohin Amurka, mutane suka mutu, har da 'yan jiharmu. Majalisar jiha ta yi doka cewa babu maganin haɗi da za a aiko daga waje sai in masu duba kantuna na jiharmu sun je da ƙafarsu sun ga wurin. Su kuma masu duban ba sa tsallaka iyaka.

Corinne ce ta kira ni ta faɗa min.

"Lyle, in na sake aikowa, lasisina zan rasa. Amma in ka zo ka karɓa hannu da hannu, ba wanda zai ce uffan."

Na ce, "Wato in ni na ɗauko, maganin lafiyarsa ƙalau, in mai kai wasiƙa ne ya ɗauko, ya zama guba?"

Ta ce, "Tambayar da na yi musu ke nan. Har yanzu ina jiran amsa."

Tun daga nan na zama ɗan hanya. A rumbun alkama nake aiki, Asabar kaɗai nake da hutu, don haka Asabar ɗaya a gida, Asabar ɗaya a titi. Da rani kular tana hana maganin ɗumi, da sanyi tana hana shi daskarewa. In ina tuƙi, hannuna ɗaya yana kan murfinta, ko da babu dalili.

Majalisarmu sau ɗaya take zama a shekara biyu. Ana shiga watan Janairu su taru a babban birni, kafin shuka kowa ya koma gonarsa, don yawancinsu manoma ne da makiyaya kamar kowa. Wakilinmu Royce Haugland ne, makwabcinmu na arewa, wanda muka yi makarantar firamare tare. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci, muna shan kofi a ɗakin ƙasa, ya dafa kafaɗata.

"Sarkin masunta! Har yanzu kana yawo da kular nan mai wari?"

Na ce, "Ka ji ɗan majalisa. Kana can ɗaki mai ɗumi kana ɗaga hannu, shanunka na nan suna tambayar ko ka mutu."

"Bar su, sun fi abokan aikina hankali." Ya ja ni gefe, ya rage murya. "Na shigar da ƙudirin doka, Lyle. In jihar makwabta ta duba kanti ta ce yana da tsafta, mu ma mu yarda, a bar su su riƙa aikowa. Kwamitin lafiya zai saurari jama'a. Ina so ka zo ka yi magana."

"Ni? Ni da ko addu'ar cin abinci Marva ke yi mana?"

"Ba wa'azi za ka yi ba. Abin da kake ciki za ka faɗa. Lauyoyi sun ishe su, uba suke so su gani."

Marva ta fi ni murna, ta kuma fi ni tsoro. Ana gobe zan tafi, tana guge min kwat ɗin da nake zuwa jana'iza da ita, ba ta daina magana ba.

"Ka faɗa musu ranar da mota ta zame da kai cikin rami, ka taka cikin ƙanƙara har gidan mutane da kwalbar a cikin rigarka. Ka faɗa musu an binne gwaggonka kana kan hanya. Ka faɗa musu ba ka barci in Asabar ta matso."

"To."

"Kar ka ce min to. Na san halinku na gidan Tveit. Ubanka ƙafarsa ta karye gida biyu, likita ya tambaye shi, ya ce wai ɗan tsami take yi masa."

"Ai ta warke."

"Ta warke a karkace! Lyle, don Allah, ka kalle ni. Gobe ba ranar 'ba laifi' ba ce."

Gaskiyarta. A wajenmu ko gidanka ke ci da wuta, in aka tambaye ka yaya, cewa za ka yi ba laifi. Mutumin da ke lissafa wahalarsa a gaban jama'a, ba a sake zama kusa da shi a coci da daɗin rai. Haka na taso na gani, ban kuma taɓa tunanin wani abu ba ne.

Da kular na tafi, don Marva ta ce su gani da idonsu. Mai gadin ƙofar majalisa ya buɗe ta, ya leƙa, ya yi baya da sauri.

"Kai, bawan Allah! Kifin fa?"

"Na cinye tun bara."

"To shiga da ita, ko za ta tashi masu gyangyaɗi."

Ɗakin bai kai girman da na zata ba. 'Yan kwamiti na zaune a bayan wani dogon tebur mai lanƙwasa, mu kuma a kujerun jama'a. Royce ba ɗan kwamitin ba ne, shi ya gabatar da ƙudirin ya koma gefe ya zauna. Kafin ni, wani mutum daga hukumar duba kantunan magani ya yi dogon bayani, rabi ban gane ba. Abin da na gane shi ne ba su yarda da duban da ba nasu ba.

Da aka kira sunana na je na ɗora kular a kan ƙaramin tebur, wasu suka yi murmushi. Na faɗi sunana da garinmu. Na ba su labarin Junie, da robar cikinta, da sukari, da tsoho Arlo. Wannan ɓangaren bai yi min wuya ba, don labarinta ne. Na ce duk sati biyu nake zuwa wajen Corinne. Ina shirin in shiga maganar ramin, sai na ga ido goma sha wani abu a kaina. Na ce a raina bari in ɗan huta tukuna. Shirun da na yi sai shugaban kwamiti ya ɗauka na gama, ya ce ko akwai mai tambaya.

Wata dattijuwa ce ta ɗaga hannu, Misis Dahlberg, mai farin gashi da tabarau a rataye a wuya. Muryarta a tausashe, irin ta malaman makarantar Lahadi.

"Mista Tveit, mun gode da ka yi wannan doguwar tafiya. Tambayata ɗaya ce. Tun da dokar nan ta fara aiki, 'yarka ta taɓa rasa maganinta?"

Ban san lokacin da na miƙe kafaɗuna ba. Wane uba ne za a yi wa wannan tambaya a bainar jama'a?

Na ce, "Ko sau ɗaya, ranki ya daɗe."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko ɗigo bai taɓa wuce lokacinsa ba."

"Tafiyar fa? Kana iyawa?"

"Ba laifi. Hanya ce kawai, kuma ina da mota."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta ce, "Yarinyar nan ta yi sa'ar uba. Allah ya saka maka."

Na ga kawuna suna gyaɗawa har ƙarshen tebur. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na ɗauki kulata na koma kujera kamar wanda ya ci gasar shanu. Sai da na zauna na lura Royce ya sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa.

Da jama'a suka gama, Misis Dahlberg ta nemi izinin magana. Ta ce ƙanwarta na cikin waɗanda gurɓataccen maganin nan ya kashe, ita ta wanke ta, ita ta zaɓa mata rigar binnewa. Muryarta ba ta yi rawa ba. Sannan ta nuna ni da hannu, cikin girmamawa.

"Kun ji da kunnenku daga bakin mutumin kirki. Dokar tana da nauyi, ban musa ba, amma yarinyar ba ta taɓa rasa magani ba. Ƙanwata kuwa ba za ta dawo ba. Ban ga dalilin buɗe ƙofar da muka rufe da hawaye ba."

Ta kawo shawara a ajiye ƙudirin a gefe. Aka ɗaga hannuwa, masu goyon bayanta suka fi yawa, shugaba ya buga gudumarsa ta katako, aka kira ƙudiri na gaba, wani abu a kan lasisin masu gyaran haƙori.

A baranda na tari Royce.

"An ajiye a gefe, sai yaushe ke nan? Sati mai zuwa?"

"Ya mutu, Lyle. Haka suke faɗa in ba sa son su ce sun kashe. Sai zama mai zuwa."

"Shekara biyu?"

"Shekara biyu, in an sake zaɓena." Ya cire hularsa ya sosa kai. "Me ya hana ka faɗin maganar ramin? Duk garin Kessler an san ta."

"Ba ta tambaye ni rami ba."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Abin haushin, ni ma da aka tambaya haka zan amsa."

Ana nuna zaman kwamiti kai tsaye, Marva ta kalla a kwamfuta, Junie na kan cinyarta. Da na iso gida, abincina na kan murhu a rufe. Na zauna ina jira ta fara. Ta zuba min, ta ajiye cokali, ta ce, "Kwat ɗin ta yi maka kyau."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Na ce, "Ba ƙarya na yi ba, Marva."

"Na sani. Ci abincinka kafin ya huce."

Aka ci gaba da yadda ake. Asabar ɗaya a gida, Asabar ɗaya a titi. Sanyi ya fara sassautawa, shanu suka fara haihuwa, har na fara cewa mun tsallake na bana.

A ƙarshen watan Maris garin maganin ya makara wajen isowa kantin Corinne. Asabar ɗin da ya kamata in je, babu abin ɗaukowa. Da ma takan ɗan ƙara mana a kwalba saboda irin haka, kuma likita ya ce ragowar za ta iya ɗan wuce kwanakinta kaɗan, sai muka lallaba da ita. Ranar Laraba Corinne ta kira ta ce ya iso, ta haɗa. Sama garau a ranar. Da motar wasiƙa ce, da washegari yana firij ɗinmu. Amma jirgin ƙasa ya shigo ɗaukar alkama, mu uku ne a rumbun, ɗaya kuma yana kwance da ciwon baya. Maigidana ya ce, "Lyle, in ka tafi, wa zai loda?" Na duba kwalbar, na ga za ta kai Asabar. Na ce masa ba laifi.

Ranar Juma'a rediyo ta fara maganar guguwar ƙanƙara, amma suka ce sai yammacin Asabar. Na fita da sassafe, na isa, Corinne na tsaye a bakin ƙofa da kwalbar a hannu.

"Kar ka zauna, kar ka sha kofi, kar ka gaishe ni. Juya."

Na juya. Guguwar ba ta jira yamma ba. Tun ina nesa da iyaka iska ta fara kwasar ƙanƙara tana shimfiɗawa a titi kamar farin hayaƙi. Da na iso mahaɗar ƙarshe kafin jiharmu, na tarar an sauke ƙarfen da ake tare hanya da shi, jar fitila na walƙiya a kansa. Manyan motoci sun yi layi a gefe. Motar ɗan sandan hanya na tsaye a gicciye.

Na kira Marva.

"An rufe hanya."

Ina jin ƙarar iska ta wayarta kamar yadda nake ji a tawa. Sannan ta ce, "Na karkata kwalbar na zuƙe da sirinji. Na yamma ya fito, da ƙyar. Na safe babu."

"Kin kira likita?"

"Na kira. Ya ce in ba ka iso ba, gara na kamfanin da a bar ta haka, ya aika wa kantin gari takarda. Ya ce in farfaɗiyar ta tashi, in ba ta maganin gaggawa, in kira motar asibiti." Ta ja numfashi. "Wace motar asibiti, Lyle? Ko akurkin kajinmu ba na gani ta taga."

"Wa zai je gari ya karɓo?"

"Royce. Ya dawo hutun ƙarshen mako saboda shanunsa. Ya ce zai fita da tarakta kafin su rufe kantin."

Na ce to. Mai sukarin za a ba ta, wanda ya taɓa kwantar da ita a asibiti, ga nata kuma a gefena, hannuna a kan murfinsa.

Aka ƙwanƙwasa gilashi. Ɗan sandan ne, mai furfura a gashin baki, ƙanƙara ta lulluɓe masa hula. Na sauke gilashin kaɗan.

"Sannu, maigida. Yaya dai, lafiya?"

Bakina ya buɗe da kansa, har na fara furta abin da na saba. Sai na haɗiye shi.

Na ce, "Ba lafiya ba."

Na faɗa masa duka. Na faɗa masa Junie da robar cikinta, da abin da ke cikin kular. Na faɗa masa ramin, da yadda yatsun ƙafata biyu har yau ba sa jin ɗumi. Na faɗa masa jana'izar gwaggona, da yadda nake tashi in buɗe firij in duba kwalbar alhali na san tana nan. Na faɗa masa yadda jikin yarinyar ke sandarewa, leɓenta ya yi shuɗi, da yadda Marva ba ta iya riƙe ta ita kaɗai yanzu da ta yi nauyi. Na ce tsoro nake ji, kullum tsoro nake ji. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan ba a rayuwata. Duk abin da Marva ta ce in faɗa a majalisa, a bakin wannan ƙarfen na faɗe shi, ga mutum ɗaya da iska ke neman kayarwa.

Bai katse ni ba. Da na gama ya share fuskarsa da safar hannu.

"Ni ma ina da jika mai shekarunta. Da hanya ce kawai da na shiga gabanka da motata. Amma tirela ta kife a kan gada, kuma masu share ƙanƙara sun janye motocinsu, ko hancin motarsu ba sa gani. In na buɗe maka, gobe mu tono ka, ita kuma ba magani, ba uba."

"Sai yaushe?"

"Sai iska ta faɗi. Wataƙila gobe da rana, wataƙila ta wuce haka. Motar share hanya ta farko da za ta fita, kai ne a bayanta, wannan na yi maka alkawari. Yanzu ka juya, an buɗe makarantar garin nan don matafiya, akwai miya mai zafi."

Ya buga rufin motata sau biyu, ya wuce wajen na bayana.

Ban juya nan da nan ba. Na cire babbar rigata na naɗe kular da ita, don sanyi ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Wayata ta yi ƙara. Marva ce, ta ce Junie ta ƙi kwanciya, wai sai ta ji muryata.

"Baba?"

"Na'am, 'yar Baba."

"Ka kamo kifi?"

Na dubi ƙarfen, da jar fitilar da ke ɓacewa tana dawowa cikin farin iska.

Na ce, "Na kamo. Ƙato guda."

Ta yi dariyarta. Sannan ta ce, "To kawo mana."